Wai ɗan guntun dutse ne zai faɗa mana lokacin da mutum ya fara taka Amurka?

Bagobirin_Sabon_Birni:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙanina da ke jami'a ya zo hutu, daren jiya muna hira sai ya nuna mini hoton wani dutse a waya, an fiƙe shi kamar ganyen mangwaro. Ya ce sunansa Clovis, tsinin mashi ne, wai da shi aka gane mutane sun shiga nahiyar Amurka shekara 13,000 da suka wuce. Na ce kai yaro, dutse ai dutse ne. Wanda muke zama a kai a ƙofar gida ma ya girmi kakan kakanmu. In na sassaƙa dutse yau na jefar a gona, bayan shekara goma Bature ya tsinta, ta ina zai san jiya aka yi shi ko zamanin Annabi Nuhu? Ya yi ta kame-kame bai gamsar da ni ba. Ni a sanina Kolombos ne ya gano Amurka a 1492 ya tarar da mutane a ciki, sauran zancen duk kintace ne. Wanda ya sani ya fahimtar da ni.

Ɗan_Kurmi:
Ya gano ta, kuma ya tarar da mutane a ciki? To wa ya gano wa ke nan? 😂

Malam_Mai_Alli:
Wa alaikumus salam. Bagobiri, rabin maganarka gaskiya ce. Ba a tambayar dutsen shekarunsa, maƙwabtansa ake tambaya. In aka tono tsinin mashi a ƙarƙashin ƙasa, sai a duba abin da ke kwance tare da shi a shimfiɗa ɗaya, gawayin murhu ne, ƙashi ne, ko ƙwayar iri. Duk abin da ya taɓa rai yana ɗauke da wani sinadari da ake kira kabon-14, yana shigarsa ta abinci da iska muddin yana raye. Ranar da ya mutu shigar ta tsaya, na jikinsa ya fara raguwa, kuma raguwar tana da ƙa'ida: duk shekara 5,730 rabi ke tafiya. Sai a auna abin da ya saura a yi lissafi. Wani Ba'amurke mai suna Willard Libby ya fito da dabarar a ƙarshen shekarun 1940, har ta ba shi kyautar Nobel a 1960. In abu ya haura shekara 50,000 ba ya aunuwa, amma 13,000 ba wahala.

Naka dutsen da za ka jefar a gona kuwa, a saman ƙasa za a tsince shi tare da ledar fiya wata da murfin kwalba. Ba mai ɓata takardarsa a kai.

Sarkin_Shakka:
Allah ya gafarta Malam, ƙasa ba ta zama wuri ɗaya. Gara na tono, gafiya na tono, ambaliya ta kwashi na sama ta binne a ƙasa. Ashe ba zai yiwu sabon dutse ya gangara ramin gafiya ya kwanta kusa da tsohon ƙashi ba? Sai a zo a ɗaura musu aure alhali ba su san juna ba.

Bakatsiniya_a_Teksas:
Sarkin_Shakka, wannan tambayar taka ita ce ta hana manyan masanan Amurka yarda na tsawon shekaru. Kafin 1927 abin da aka tsaya a kai shi ne mutum bai fi shekara 3,000 zuwa 4,000 a nahiyar ba. Akwai wani babba a cibiyar Smithsonian, Ales Hrdlicka, duk wanda ya kawo hujjar abin da ya fi haka sai ya yi masa kaca-kaca da irin maganarka.

Abin da ya warware rikicin, ku ji wanda ya faro shi. Wani baƙar fata ne, George McJunkin, a cikin bauta aka haife shi, ya koya wa kansa karatu, ya zama shugaban makiyaya a wani garken shanu kusa da ƙauyen Folsom a jihar Niyu Meziko. A 1908 aka yi mummunar ambaliya, ya fita duba ɓarna sai ya ga ruwa ya zaizaye wani kwazazzabo, ga manyan ƙasusuwa sun leƙo. Mutum ne da ya san shanu, ya san ɓaunar ƙasarsu, ya ce waɗannan sun fi ƙarfin duka biyun. Ya yi ta faɗa wa mutane ba wanda ya je, har ya rasu a 1922. Sai a 1926 gidan tarihi na Denver ya fara tono. A 1927 suka ci karo da tsinin mashi a tsakanin haƙarƙarin wata irin ɓauna da ta ƙare a duniya tun ƙarshen zamanin ƙanƙara, wato lokacin da sanyi ya daskarar da ruwan duniya da yawa. Wannan karon ba su taɓa shi ba, suka bar shi cikin ƙasa yadda yake, suka aika wa masana waya su zo su gani da idonsu. Gafiya ba ta soka mashi tsakanin haƙarƙari.

Clovis ɗin da Bagobiri ya gani daga baya aka gano shi. A 1929 wani saurayi ya ga ƙasusuwa da duwatsu a Blackwater Draw kusa da garin Clovis, nan ma Niyu Meziko. Da aka yi tono a shekarun 1930 aka samu wasu tsinayen tare da ƙashin giwa mai gashi, kuma daga baya aka tabbatar shimfiɗarsu tana ƙarƙashin ta Folsom, wato sun girme su.

Ummu_Sudais:
Allah sarki bawan Allah. Ya mutu bai san abin da ya tsinta ba.

Maƙerin_Zamani:
Ni hoton na je na duba, don sana'ata ce ko da yake da ƙarfe nake aiki. Ku lura da gindin abin. Akwai wani kwarmi da aka ɓalle daga ƙasa zuwa sama a fuska biyu, kamar an sa cokali an kwalfe. Nan ne sandar ke shiga, a tsaga bakinta a zura dutsen a ɗaure da jijiya. Abin da ya ba ni mamaki, a ƙarshen aiki ake yin wannan kwarmin, bayan mutum ya gama wahalar fiƙewa, da bugu guda. In hannu ya kuskure duk aikin ya dare biyu. Mu in ƙarfe ya lanƙwashe sai mu mayar wuta, su kuwa ba gyara. Wanda ya yi wannan ba ɗan koyo ba ne, a gaban uba ya tashi.

Malam_Mai_Alli:
Haka ne Maƙeri, kuma wannan kwarmin shi ne tambarinsu. Na Folsom ma ya fi tsawo, kusan ya kai tsini. Masu gwada ƙera irinsu a yau suna fasa da yawa a daidai wannan matakin. Wasu masana a jami'ar Kent ta Ohayo sun gwada suka ce siririn gindin yana shanye ƙarfin sara, ya ɗan murƙushe a maimakon tsinin ya karye a tsakiya. An tsinci dubbansu daga kudancin Kanada har ƙasa da Meziko, kuma sau da yawa dutsen da aka yi su da shi daga wani wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita aka ɗauko. Ba kowane dutse suke so ba, sai mai kyau, irin ƙanƙarar da ake ƙyastu da ita.

Ɗan_Kurmi:
Mutanen zamanin ƙanƙara suna farauta da ƙanƙara. Hausa ba dabo ba.

Jikan_Maharba:
Ku yi haƙuri ni a nan na tsaya. Kakana maharbi ne, na tashi na ga kwarinsa rataye a zaure. Ya sha faɗa mana ko da kibiyar ƙarfe ba ƙarfin harbi ke kayar da babbar dabba ba, dafi ne. Ka harba ka bi sawu har ta faɗi. To giwa, fatarta kamar tayar mota, a ce da dutse ɗaure a sanda? Ina ganin mushe suka riƙa tararwa suna yanka.

Bakatsiniya_a_Teksas:
Jikan_Maharba, an gwada, kuma a Afirka aka gwada. Wani masani George Frison, wanda shi ma makiyayi ne maharbi kafin ya shiga jami'a, ya je gandun dajin Hwange na Zimbabuwe a tsakiyar shekarun 1980 lokacin da hukuma ke rage yawan giwaye. Ya jefi waɗanda aka riga aka harbe da kwaikwayon tsinin Clovis, ya ga yana huda fata ya shiga. Ba da hannu tsura ake jifan ba, akwai wata 'yar sanda mai ƙugiya da ake ɗora gindin mashin a kai, tana ƙara wa hannu tsawo, sai jifan ya yi ƙarfi kamar na majajjawa. Sannan a Naco ta jihar Arizona an tono giwa guda da tsinin Clovis 8 a jikinta. Mushe ba ya buƙatar suka takwas.

Amma ba kai kaɗai ke da wannan ra'ayin ba. A 2021 wasu masana sun yi nasu gwajin suka ce da wuya tsinin ya ratsa gashi da fata da haƙarƙari ya kai ga makasa, wataƙila sun fi amfani da shi a matsayin wuƙar fiɗa. Har yau suna ja-in-ja.

Jikan_Maharba:
To kin gani. Suka takwas kuma giwar ta gudu ta mutu a wani wuri, shi ya sa ba su ciro kayansu ba. Maharbi ba ya barin kibiya takwas a jikin naman da ya samu.

Bakatsiniya_a_Teksas:
Wallahi Baba abin da wasu masanan suka ce ke nan game da ta Naco, cewa kuɓuce musu ta yi. Kai da ba ka karanta ba ka faɗa.

Bagobirin_Sabon_Birni:
Na ji batun auna shekaru, na sauko kaɗan. Amma ta ina suka bi? Amurka ai teku ce ta kewaye ta. Ko jirgi gare su?

Zazzau_Ta_Gari:
Ɗauki taswira ka duba can sama inda Rasha ta kusa sumbatar Alaska. Ruwan da ke tsakani, mashigin Bering, faɗinsa wajen kilomita 85 ne, zurfinsa bai wuce mita 30 zuwa 50 ba. A tsananin zamanin ƙanƙara, wajen shekara 20,000 baya, ruwan duniya da yawa ya daskare ya taru a kan tudu, teku ta janye ƙasa da kimanin mita 120. Ka ga wurin ya zama busasshiyar ƙasa. Turawa suna ce mata gada, amma kalmar tana ruɗarwa, don faɗinta daga kudu zuwa arewa ya kai kilomita 1,600, ya fi nisan Legas zuwa Agadas. Wanda ke zaune a kai bai san yana ƙetara komai ba, dabba yake bi, inda ciyawa take nan yake. Wani limamin Kirista ɗan Sifaniya, Jose de Acosta, tun 1590 ya rubuta cewa lallai ta ƙasa mutanen suka shigo daga Asiya, alhali a lokacin Turawa ba su ma san akwai mashigin ba.

Tsohon bayanin da aka koya wa ɗalibai shi ne: daga Alaska suka tarar ƙanƙara ta rufe Kanada gaba ɗaya, suka jira har ta fara narkewa wani lungu ya buɗe a tsakiya, suka bi ta nan suka fito kudu da masunsu na Clovis. Su ne na farko, ba kowa kafin su.

Ɗan_Kurmi:
Yau Bazazzagi ya yi magana mai ma'ana, a rubuta kwanan wata.

Zazzau_Ta_Gari:
Bakano, mu muka koya muku karatu, ku kuka sayar da littafin.

Ɗaliba_Mai_Tono:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ilimin kufai nake karantawa, bari in sa baki. Ƙanin Baba Bagobiri ya ba shi tsohon labari ne. "Clovis ne na farko" ya yi mulki wajen shekara sittin, amma yanzu kaɗan ne ke riƙe da shi.

Abin da ya fara fasa shi wani wuri ne a kudancin Chile, Monte Verde, kusa da Puerto Montt. Tom Dillehay ya fara tono a 1977. Fadama ce ta rufe wurin, iska ba ta shiga, don haka abubuwan da kan ruɓe ba su ruɓe ba: turakun bukka, igiya da ƙullinta, guntun nama, sawun ƙafa, har da ciyawar teku iri 9. Awo ya ba da shekara 14,500. Clovis kuwa sabon lissafi ya takaita shi tsakanin 13,050 da 12,750, shekara 300 kacal. Wato akwai mutane a can ƙarshen kudu fiye da shekara dubu kafin a ƙera Clovis na farko a arewa. Shekara ashirin ana ƙaryata Dillehay, sai a 1997 tawagar manya ta je ta gani ta sallama, ko da yake masu jayayya da wurin ba su ƙare ba.

Daga nan wurare suka yi ta fitowa. Page-Ladson a ƙarƙashin wani kogi a Fulorida, 14,550. Kogunan dutse na Paisley a Oregon, inda hujjar, ku gafarce ni, busasshen bayan gidan mutum ne, wajen 14,300. Buttermilk Creek a Teksas, inda aka samu wasu tsinaye masu wutsiya kwance a ƙarƙashin shimfiɗar Clovis. Sai Cooper's Ferry a Idaho, a 2022 aka ba da sanarwar tsinaye masu shekara 15,700, ƙanana, ba kwarmi, kuma sun yi kama da waɗanda ake samu a tsibirin Hokkaido na Japan.

Lungun da Yaya Zazzau ya ambata ma ya shiga matsala. Wani bincike na 2016 ya tono laka daga ƙasan tafkunan wurin, ya nuna sai wajen 12,600 ciyawa da dabbobi suka wadata har mutum ya iya bi ya rayu. Ka ga ƙofar ta buɗe bayan baƙi sun riga sun shiga gida.

Sarkin_Shakka:
To ta sama suka tashi?

Ɗaliba_Mai_Tono:
Ta gaɓar teku, Yaya. Gaɓar yamma ta riga tsakiya narkewa. A bi bakin ruwa a hankali, ana cin kifi da dabbobin ruwa da tsuntsaye, da ƙafa ko da kwalekwale. Cooper's Ferry na kan reshen kogin Kolombiya, wanda shi ne babban kogi na farko da mai gangarowa ta gaɓa zai tarar bayan ya wuce ƙanƙara. Matsalar ita ce gaɓar wancan zamanin yanzu tana ƙarƙashin teku, don ruwa ya dawo. Kuma ba a samu kwalekwalen ko ɗaya ba.

Babarbare_Fune:
Kwalekwale itace ne, samunsa sai sa'a. Mu nan Yobe muna da na Dufuna, wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa wajen 8,000, yana cikin mafi tsufa a duniya. Da bai haƙa rijiyar a daidai nan ba da har yau ana cewa mutanen lokacin ba su iya sassaƙa jirgi ba. Kuma ai mutane sun shiga Ostareliya wajen shekara 50,000 baya, can kuwa ba yadda za a yi sai an ƙetare ruwa.

Mansa_Na_Biyu:
Duk kun bar babbar magana. Baƙar fata ne suka fara zuwa Amurka, Turawa ke ɓoyewa. Sarkin Mali Abubakari ya tafi da jirage 2,000 kafin Kolombos. Kuma na ga bidiyo an ce masu Clovis ɗin ma ba daga Asiya suke ba, ta Atilantika suka zo.

Malam_Mai_Alli:
Ɗana Mansa, ka haɗa zance biyu da ba su haɗu ba. Labarin jirage 2,000 yana nan a rubuce, al-Umari ya kawo shi daga abin da Mansa Musa ya faɗa a Alƙahira a 1324, cewa wanda ya gada ya shiga teku bai dawo ba. Ba a samu shaidar ya isa ba. Ko da ya isa, shekara 700 ke nan. Mu muna zancen 13,000 zuwa sama. Ko Turawan arewa da aka tabbatar sun sauka a Niyufanlan ta Kanada, har aka gano sun sare itace a can a 1021, su ma mutane suka tarar.

Na bidiyon kuwa ra'ayin Dennis Stanford da Bruce Bradley ne. Sun ce salon fiƙe dutsen Clovis ya yi kama da na wasu mutanen Faransa da Sifaniya da ake kira Solutre, don haka daga can aka bi gefen ƙanƙarar Atilantika. Ka lura, Turai suke nufi, ba Afirka ba, har masu wariyar launin fata suka rungumi zancen don su ce fari ne ya riga kowa. Amma mutanen Solutre sun shuɗe aƙalla shekara 4,000 kafin Clovis, kuma ba sa yin kwarmin da Maƙeri ya nuna mana.

Ɗaliba_Mai_Tono:
In ƙara kan na Malam. Kabari ɗaya tak aka sani na mutanen Clovis. A 1968 ma'aikata suka ci karo da shi a gonar iyalin Anzick a Montana: yaro ne da bai wuce shekara biyu ba, an binne shi da kayan dutse da na ƙaho sama da 100, an barbaɗe su da jan koya. A 2014 aka karanta ƙwayoyin halittarsa. Tushensa Asiya ne, kuma ɗan'uwan 'yan asalin Amurka na yau ne, musamman na tsakiya da kudu. A shekarar aka mayar da shi aka sake binnewa, wakilan ƙabilun yankin suna tsaye.

Wani abin lura, ba a samu Clovis a Siberiya ba, kuma masu kwarmin da aka samu a Alaska sun fi na kudu ƙuruciya. Alama ke nan a cikin Amurka aka ƙirƙiro shi, ba shigowa da shi aka yi ba. Kamar a ce wani ya tono garin nan bayan shekara dubu ya ga wayar hannu ko'ina, ya ce masu waya ne suka kafa garin.

Ummu_Sudais:
Ni binne yaron ne ya tsaya mini a rai. Kaya ɗari, a lokacin da kowane guda aikin kwanaki ne. Uwa uwa ce ko a wane zamani. Kuma sun kyauta da suka mayar da shi, ba na son ganin ƙashin mutum a akwatin gilashi.

Mansa_Na_Biyu:
Gwajin ai su suka yi shi a ɗakin bincikensu. Ni ban yarda ba.

Ɗan_Kurmi:
Bidiyon da ka gani fa, a Timbuktu aka haɗa shi?

Ɗan_Agadas:
Ku bar faɗa ku ji namu na gida. Ni irin waɗannan duwatsun ba a hoto na san su ba. Lokacin da masu yawon buɗe ido ke zuwa, yara kan kawo tsinin kibau na dutse daga Tenere cike da gwangwani suna sayarwa, wasu ƙanana kamar farce, an yi musu haƙora kamar zarto. Ni kaina na taɓa sayen tafi guda na ba baƙo kyauta. Sai yanzu da na karanta maganar Malam ta maƙwabta na gane ɓarnar da muka yi. Duk wanda aka ɗauke daga inda yake ya rabu da masu ba shi shaida. A Gobero, inda tawagar Paul Sereno ta je neman ƙashin manyan dabbobin da a 2000 ta tarar da maƙabarta, an iya cewa mutane sun zauna bakin tafki wajen shekara 10,000 baya suna sukar kifi da mashin ƙashi, saboda an samu komai a wurinsa. Nawa na gwangwani ba mai iya cewa komai a kansu.

Hajiya_Inna:
Mu kuma gatarin aradu muka sani. Kakata tana da guda a cikin lefenta, baƙi sumul, ta ce tsawa ce ta jefo shi, in yaro ya firgita a jiƙa a ba shi. Sai da jikata ta kai ni gidan tarihi na ga irinsa jere a gilashi an rubuta gatarin mutanen da ne. Na ce oho, ashe kayan aikin wani muke jiƙawa.

Alaramma_Ƙarami:
Tambaya ta tsakani da Allah: waɗannan dubban shekarun ba su ci karo da addini ba? Na taɓa jin ana cewa daga Annabi Adam zuwa yau bai fi shekara 7,000 ba.

Malam_Mai_Alli:
Alaramma, ku ne masu fannin, amma Alƙur'ani bai faɗi adadin shekarun ba. Lissafin dubu shida ko bakwai daga littattafan Ahlul Kitabi ya shigo cikin wasu littattafan tarihi. A Suratul Ankabut ma umarni aka yi a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda aka fara halitta. Mu bar wannan a nan kada zaren ya koma wani abu.

Bakatsiniya_a_Teksas:
Ɗaliba ba ki faɗa musu na White Sands ba, wanda ya birkita kowa. Na je wurin da yara, farin yashi ne kamar gishiri iya ganinka, nan ma Niyu Meziko, ko da yake ba a kai baƙi inda sawun yake. A 2021 aka sanar da sawun ƙafafun mutane a bakin wani tsohon tafki da ya ƙafe, yawanci na yara da matasa, shekara 21,000 zuwa 23,000. Ba dutse ba, ba ƙashi ba, ƙafa da yatsu biyar.

Sarkin_Shakka:
Sawu kuma wane maƙwabci gare shi?

Ɗaliba_Mai_Tono:
Ƙwayoyin irin wata ciyawar ruwa da ke sama da ƙasan sawun aka auna. Nan take aka yi musu irin taka, Yaya: ciyawar ruwa tana shan tsohon kabon da ya narke daga duwatsu, sai ta nuna ta girmi shekarunta. Suka koma. A 2023 suka auna garin furen itatuwan tudu, waɗanda iska suke shaƙa, suka kuma auna ƙwayar yashin da wata dabara dabam mai nuna ranar ƙarshe da ya ga hasken rana. Duka suka faɗa wuri ɗaya. In haka ne, mutanen suna kudu tun ƙanƙara na kan ganiyarta, shekara dubu goma kafin Clovis.

Abin da ke damun malamanmu shi ne, binciken ƙwayoyin halitta ya fi nuna bazuwar kakannin 'yan asalin Amurka bayan shekara 16,000. To su waye masu sawun? Ko sun ƙare ba su bar zuriya ba, ko sun yi kaɗan ne har jininsu ya nitse cikin na baya.

Babarbare_Fune:
Wani abu da zai ba Ɗan_Agadas dariya: raƙumi ma asalinsa Amurka ta Arewa ne. Ta wannan ƙasar ta Bering kakanninsa suka bi suka shigo Asiya miliyoyin shekaru baya. Doki ma haka. A Wally's Beach ta Kanada an samu inda mutane suka fiɗe dawaki da raƙumi shekara 13,300 baya. Daga nan suka ƙare a can, sai Sifaniyawa suka mayar da doki.

Ɗan_Agadas:
Ashe raƙumina Ba'amurke ne. Bari in nema masa biza ya je ganin dangi.

Hajiya_Inna:
Su kuma suka aiko mana da masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir. Jikokin masu mashin nan ne suka fara nomansu. An yi musaya.

Bagobirin_Sabon_Birni:
Na gode jama'a, na karanta duka har sau biyu. Na janye batun kintace, tsinin da ke tsakanin haƙarƙari ya ishe ni. Amma ku lura da inda kuka kai ni. Na shigo da 13,000, Ɗaliba ta kai ni 14,500, ta ƙara zuwa 15,700, Hajiya ta Teksas ta tsallaka da ni 23,000. Kuma kowane mataki sai da aka ƙaryata wanda ya kawo shi tukuna. Ƙanina zan ce wa ya karɓo kuɗin makarantarsa.

Jikan_Maharba:
Ni tawa ba a amsa ba. In mutane sun zauna a White Sands tun 23,000, ga giwaye ga raƙuma suna sha a tafki ɗaya da su, ina masunsu? Maharbi ba ya yawo hannu rabbana. Shekara dubu bakwai tsakaninsu da na Idaho, ba tsini ko ɗaya?

Maƙerin_Zamani:
Wataƙila na itace ne da aka gasa bakinsa a wuta, ko na ƙashi. Ba kowa ke da maƙeri a gari ba.

Ɗaliba_Mai_Tono:
Akwai giwar Manis a jihar Washinton, shekara 13,800, da wani tsinin ƙashi kafe a haƙarƙarinta, don haka maganar Maƙeri ba wasa ba ce, ko da yake shi ma wasu na cewa ba hannun mutum ba ne. Amma Baba Jikan_Maharba, bakin tafki wurin shan ruwa ne da wasan yara, ba nan ake zama a yi ƙira ba. Zangonsu ake nema.

Sarkin_Shakka:
In an samo zangon ku tashe ni. Hajiya_Inna, gatarin kakar taki yana nan? Ki ɗora mana hotonsa.

Hajiya_Inna:
Yana wajen ƙanwata a Funtuwa, har yanzu jiƙa shi take yi. Bari in kira ta.